Gurbin Sisi a Akwatin Likita Shiomi

Ni dai ba na iya riƙe magana. Matata takan ce in aka ba ni sirri da safe, kafin shayi ya huce ya riga ya hau jirgin Osaka. Shi ya sa a ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kuɗin Ingila ba a taɓa ba ni wani muƙami ba, in ban da na sauka ƙasa in kirawo kofi. Wannan ɗin ma an roƙe ni kada in faɗa. Labarin Likita Shiomi ne da sisinsa.

Shiomi likitan haƙori ne a nan Kobe. Ya ba wa hamsin baya, siriri ne mai saurin tafiya, irin mutumin da ko a jana'iza ƙafarsa ba ta daina kaɗawa. Bai tashi da son tsabar kuɗi ba. Surukinsa ne ya ja masa, shi ma sai bayan ya mutu. Tsoho Kajiwara, uban matarsa, ya ƙare rayuwarsa yana akawu a wani kamfanin jiragen ruwa na Turawan Ingila, ya kwaso ɗabi'unsu har da zuba madara a shayi. Da aka zo raba kayansa sai aka tarar da wani ƙaramin akwatin jar fata a ƙasan durowa, ƙarƙashin rigunan sanyi. 'Ya'yansa maza suka buɗe, suka ga kuɗin da ba ya sayen komai, suka miƙa wa ƙanwarsu Fumie. Ita ko buɗewa ba ta yi ba, ta miƙa wa mijinta ta ci gaba da naɗe kofuna a jarida.

Abin da Shiomi ya gani a ciki shi ya hana shi sakat tun daga ranar. Saitin azurfa ne na shekarar 1887, shekarar da Sarauniya Biktoriya ta cika hamsin a kan gado. Ba irin kuɗin da ake kashewa ba ne. Mu bugun madubi muke ce masa: an goge ƙarfen bugun har sai ya ɗau ido, an buga kowane ɗaya a hankali, an ɗauke shi da hannu an kwantar a karammiski, bai taɓa shiga aljihun kowa ba. Gurbi bakwai ne a akwatin, daga babban na sule biyar, na sule huɗu, na sule biyu da sisi, fataka, sule, har ɗan taro. Shida suna kwance a wurarensu, tsufa ya shafa musu launi irin na wuyan tattabara, shuɗi a baki-baki, shanshanbale a ciki. Gurbin sisi kuwa babu kowa.

Da ya tsaya nan da babu labari. Amma ranar da ya shiga ƙungiyarmu, a ɗakin da muke haya a saman wani shagon kofi a unguwar Motomachi, Onodera ya tambaye shi abin da yake da shi. Onodera dillalin giyar shinkafa ne, ƙato mai dariya kafin ya gama magana, kuma tambayarsa kullum tana zuwa da ƙaiƙayi. Shiomi ya gyara tabarau ya ce yana da saitin tamanin da bakwai a akwatinsa na asali. Sai bakinsa ya ƙara kalma ɗaya ba da izininsa ba: cikakke.

Al'adarmu ce duk kaka, in zafi da laima sun wuce, lokacin da gidaje ke fito da tsofaffin riguna da zane-zane su sha iska, mu ma mutum ɗaya yakan kawo abin da ya fi ji da shi a shimfiɗa a gani. Bi da bi ake yi. Duk sanda layi ya zo kan Shiomi sai wani abu ya taso. Wata shekara mura, wata shekara addu'ar tunawa da mahaifinsa, wata shekara wai makullin ma'ajiyar banki ya ɓata. Bana sai shugabanmu, Tsoho Ushijima, wanda ya koyar da tarihi har ya gaji, ya ajiye kofinsa ya ce idonsa na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma ya fara haɗa kaya.

“Likita,” ya ce, “ina so in ga saitin nan da idona, ba da kunnena ba.”

“Ai malam, kada ka matsa masa,” in ji Onodera. “Wataƙila Sarauniyar kunya take ji. Ko kuwa haƙori ya cire mata, yana jira ta warke?”

Aka yi dariya. Shiomi ya sunkuyar da kai ya ce zai kawo. A kan hanyarsa ta komawa gida ya wuce tasharsu bai sani ba.

Ba wai sisin ne ya gagara samu ba. Bugun madubi na wannan shekara yakan fito a gwanjo, a Tokyo ko a Landan, kuma Shiomi ya riga ya sayi biyu a ɓoye. Matsalar launi ce. Kuɗin da suka kwana a akwati ɗaya fiye da shekara ɗari sukan tsufa tare, su yi kama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Baƙo kuwa da an sa shi a tsakaninsu yake tona kansa. Nasa biyun farare ne tas, in ya sa ɗaya a gurbin sai ya zauna kamar sabon haƙorin roba a bakin tsoho. Wannan abu ne da Shiomi ya sani fiye da kowa, kuma ya san ko da rabin ido Ushijima zai gani. Saitin da aka yi wa ciko ba laifi ba ne a wurinmu, in an faɗa. Wanda aka yi wa ciko aka yi shiru, shi ne mutum ba ya sake hawowa matakalar shagon kofin nan.

Makonnin da suka biyo baya bai zauna ba. Yana cikin duba bakin mara lafiya sai ya tsinci kansa yana kwatanta launin tsohon cikon azurfa da na fatakarsa. In ya dawo gida ya shige ɗakin karatu ya murɗa makulli, ya sa safar hannu, ya buɗe akwati, ya rufe, ya tashi ya zagaya, ya dawo ya sake buɗewa, kamar mai tsammanin gurbin zai haihu. Fumie ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Tun farko da ta tambaye shi me yake kallo haka, ya ce mata ba za ta gane ba, ita kuwa ta ɗauki maganar ta riƙe da kyau. Abin da yake ji nata kawai shi ne ƙarar makullanta in za ta fita ko ta dawo. Tarin tarkace ne a zobe ɗaya: makullin gida, na keke, 'yar ƙararrawa, layar wurin ibada, da wasu ƙarafa. Ƙarar tana shiga masa har cikin haƙori.

Ya ji an ce gwaiduwar dafaffen ƙwai tana sa azurfa ta yi duhu. Sai ya shiga dafa ƙwai. Ya murtsuke gwaiduwa a roba mai murfi, ya ɗora sisi ɗaya a kan ɗan tsinke a ciki, ya rufe, yana leƙawa kamar mai jinya. Gida ya ɗau wari. Fumie ta ce a ranta tsufa ne, ta daina sayen ƙwai da yawa, shi kuma ya koma sayowa da kansa a shagon kan kwana. Da ya buɗe robar a rana ta ƙarshe sai ya tarar da Sarauniya ta yi ɗorawa-ɗorawa da ɗigo-ɗigo, kamar mai ciwon shawara. Ya naɗe ta a auduga ya tura can ƙarshen durowa. Saura ɗaya.

Wata tsohuwa da ta zo gyaran haƙori ce ta ba shi shawara ba ta sani ba. Tana kurkure baki tana ba ma'aikaciyarsa labarin yadda ta je wankan ruwan zafi a Unzen ta manta ba ta cire zobenta ba, tururin farar wuta ya mayar mata da shi shuɗi, shuɗi mai kyau ma, kafin ya yi baƙi. Shiomi ya tsaya da madubi a hannu. Ya tambaye ta tsawon wane lokaci ya ɗauka yana shuɗin. Ta ce ita ina ta sani, tana cikin ruwa.

Da yamma ya ce wa Fumie ta haɗa kaya, za su Unzen ƙarshen mako. Ta ajiye cokalin miya ta dube shi. Rabonsu da tafiya su biyu tun kafin a haifi 'yarsu Chisato, wadda yanzu ke aiki a Nagoya.

“Baban Chisato, likita ya gaya maka wani abu ne?”

“Ni ne likitan.”

“Na haƙori.”

Ya ce babu komai, hutu kawai yake so. Ta je ta gyara gashi, ta sayi sabuwar rigar sanyi. A jirgi ta kwance abincin tafiya ta ɓare masa lemo, tana nuna masa teku ta taga, shi kuwa hannunsa na cikin aljihun ƙirji yana taɓa 'yar robar da sisin yake ciki. In jirgi ya tsaya a tasha sai ya duba agogo kamar shi ne direban.

Tun kafin motar haya ta gama hawa dutsen warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tare su. A masauki mai kula da baƙi ta durƙusa ta zuba shayi, ta tuna musu su cire duk wani abu na azurfa. Fumie ta zare zobe, ta ɗauko tarin makullanta ta ƙulle a leda ta tura cikin jaka, tana cewa ita ma akwai azurfa a jiki. Shiomi ya ce to, idonsa na kan hayaƙin da ke tashi bayan gidaje.

Washegari da hantsi, tana wurin wankan mata, ya fita zuwa filin da mutanen garin ke kira jahannama, inda ƙasa ke tafasa tana huci ta ramuka. An yi hanyar katako da shinge, mutane na tafe suna ɗaukar hoto da dafaffen ƙwai a hannu. Ya zo da shiri: ya sa sisin a 'yar ragar tace shayi, ya ɗaura mata zaren sakace, irin wanda yake raba wa marasa lafiya kyauta. Ya nemi wani lungu inda tururi ke fitowa dab da shinge, ya jingina kamar mai kallon yanayi, ya zura zaren.

Ya jawo ya duba, fari. Ya mayar. Ya jawo, ya ɗan yi ja-ja a baki. Ya mayar, ya jawo, ga wani siririn shuɗi ya fara zagaye kan Sarauniya, kusan irin wanda yake so, saura kaɗan. Yana mayarwa sai ga ayarin tsofaffi 'yan yawon buɗe ido, jagorarsu na gaba da 'yar tuta. Suka cika hanyar, wani dattijo ya miƙo masa kyamara ya roƙe shi ya ɗauke su. Mutum ba ya ce wa dattijo a'a. Ya naɗe zaren a jikin shinge, ya ɗauka. Aka ce wata ta rufe ido, a sake. Aka ce a jira wani yana bayan gida. Aka miƙo wata kyamarar. Sai da aka yi ta sunkuye-sunkuyen godiya suka wuce.

Abin da ya jawo baƙi ne ƙirin, kamar maɓallin rigar makoki.

A nan Fumie ta same shi, zaune a benci, ragar shayi na lilo a yatsansa. Fuskarta ta yi ja saboda ruwan zafi, tana riƙe da ƙwai biyu a takarda. Ta dubi ragar, ta dubi zaren, ta dube shi.

“Kifi kake kamawa a jahannama?”

Bai da sauran ƙarfin ƙarya. Ya gaya mata duka, yana kallon takalminsa: akwatin babanta, kalmar da ta kuɓuce masa, idon Ushijima, bakin Onodera, ƙwan da ya dafa. Ta saurara tana ɓare ƙwai. Da ya kai ƙarshe ta ce wato ba don ita aka zo ba. Ya ce har da ita. Ta ce ya bari, ƙarya ba ta yi masa kyau, shi ya sa ya sha wahalar guda ɗaya tsawon shekarun nan. Sannan ta tambaye shi wanne ne ma babu a ciki.

“Sisi. Ɗan ƙarami, bai kai girman na yen ɗari ba.”

Ta goge yatsunta, ta buɗe jaka, ta kwance ledar makullan. Tsakanin ƙararrawa da makullin keke akwai wani ɗan faifan azurfa da ya sha gogayya, ta juya shi a tafin hannunta. Ta ce ranar aurensu, a ɗakin kwalliya na otal, babanta ya shigo ya sa ta cire takalmin hagu ya jefa mata wannan, wai haka Turawan Ingila ke yi wa amarya don arziki. Ya ce daga akwatinsa ya ciro, kada ta gaya wa yayyenta. Ta yini tana taka shi, har a hoton biki in an lura za a ga ta karkace.

Shiomi ya karɓa da hannu biyu. Ya zaro gilashin dubawa daga aljihu. Ga Sarauniya da ɗan kambinta, kuncinta ya shafe, ga shekarar, ga kaifin baki irin na bugun madubi, har da ɗan sauran sheƙi da ya ɓuya a tsakanin haruffa inda makulli bai isa ba. Kuma a saman kambin, daidai tsakiya, ga huda, zoben ƙarfe ya ratsa ta ciki.

“Shekara goma sha nawa ina neman abin nan,” ya ce.

“Ka tambaye ni?”

“Wane mara imani ne ya huda shi?”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa masa ƙwai ta ce ya ci kafin ya huce, ta san ya ƙware a kansa.

A jirgin dawowa ya kasa zama. Ya je ƙarshen tarago ya dawo, ya sake zuwa. Ya zauna ya ce mata zai iya cike hudar, aikinsa ke nan, ya goge yadda ba mai ganewa. Ta ce in ya cike a ina za ta rataya? Ta ce aro za ta ba shi na yini ɗaya, kuma yadda ya karɓa haka zai dawo da shi, don nata ne, ba na akwati ba. Ya yi tunanin mura. Ya yi tunanin ya ce an yi masa sata. Ya tuna idon Ushijima na hagu. Kafin su iso Kobe ƙafarsa ta daina kaɗawa, abin da Fumie ta ce ya fi komai ba ta tsoro a tafiyar.

Ranar nuni aka shimfiɗa koren ƙyalle a tebur, aka kawar da kofuna nesa, kowa ya ɗaure baki da hanci don kada numfashi ya sauka a kan azurfa. Shiomi ya sa safar hannu ya buɗe akwatin. Shida suna kwance da shuɗinsu. Na bakwai ya zauna a tsakaninsu fari-fari, a goge, da huda a ka, kamar ɗan'uwan da ya tafi ci-rani ya dawo. Tun kafin a tambaye shi ya faɗi abin da ya sani: takalmin amarya, da makullan matarsa. Maganar Unzen ce kawai bai yi ba, wannan ni na ƙara muku.

Onodera ya buɗe baki, Ushijima ya ɗaga masa yatsa. Tsohon ya sunkuya da gilashi a idon hagu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan sisin. Ya sa aka juya masa shi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar injin niƙa kofi daga ƙasa.

“Bugun madubi ne,” ya ce. “Kuma na yarda ɗan gidan ne. Cikakke ya ce mana, Onodera. Bai ce lafiyayye ba.”

Onodera ya yi dariyar da ta ture masa abin rufe baki, ya ce shi dai yau ya ga Sarauniya da hudar kunne a tsakar ka. Ushijima bai ɗago ba. Ya ce abin da ya ba shi mamaki hudar ce: ba ƙusa ba ce, ba aikin maƙeri ba ne, gefenta sumul, babu tsaga, babu karkata. Duk wanda ya yi wannan ɓarna, in ji shi, hannunsa ya san aiki.

Shiomi ya ce ko ma wane ne, in ya shigo hannunsa, sai ya zare masa haƙora ɗaya bayan ɗaya ba tare da allurar kashe zafi ba. Muka tafa masa. Ya sauka matakala da akwatin a ƙirji, a hankali, kamar wanda aka sallamo daga asibiti, kuma da yamma ya mayar da sisin cikin makullai kamar yadda aka yi alkawari.

Sauran zancen a wurin gyaran gashi Fumie ta gaya wa matata. A watan farko na aurensu Shiomi ya buɗe ɗakin aikinsa, marasa lafiya ba su fara zuwa ba, ta kai masa abincin rana ta ce ya huda mata wani ɗan kuɗin Turawa. Shi ne abu na farko da ya huda da sabon injinsa na huda haƙori.